REST ko GraphQL a manhajar bidiyo? Ni dai REST

Ɗan uwa, tsakanin REST da GraphQL ɗin nan da kake tambaya saboda manhajarka ta darussan bidiyo (hanyoyi biyu ne na tsara API, wato yadda manhaja ke neman bayanai daga sabar, kwamfutar da ke riƙe da su), ɗauki REST kawai ka huta.

Manhajar da nake kula da ita yanzu a kan REST take, kuma wallahi hankalina a kwance yake. Kowane abu da ƙofarsa, jerin darussa adireshinsa daban, bayanin ɗalibi daban, to duk abin da aka nema da GET (umarnin karɓo bayani) waya tana iya ajiye shi a cikinta. Akwai daren da na zauna ina gwaji da wata tsohuwar Android, sabis sanda ɗaya tak, na buɗe jerin darussa na rufe na sake buɗewa, kafin in ɗaga ido ya fito, da na leƙa sabar sai na ga 304 ta mayar, wato babu abin da ya canja, yi aiki da na hannunka. Jerin bai sake saukowa ba, datar mutum ba ta tafi a banza ba. Aikin ETag ne wannan, alamar da sabar ke sa wa bayani don a gane ko ya canja, yana cikin HTTP ɗin kansa, wato ƙa'idar da waya da sabar ke magana da ita, kuma ba abin mamaki ba ne tunda Roy Fielding da ya fayyace REST a 2000 yana cikin waɗanda suka rubuta ƙa'idar HTTP/1.1.

GraphQL kuwa, Facebook suka ƙirƙira a 2012 suka sake shi ga jama'a a 2015, ba zan ce ba shi da amfani ba in shafukanka suna da yawa kowanne da irin bayanan da yake so. Amma na taɓa biyan wani ya mayar min da wata manhaja kansa, har yau ina jin zafin kuɗin. Komai ta ƙofa ɗaya da POST (umarnin aika bayani), CDN (sabobin da ke ajiye kwafi kusa da mutane) ya daina ajiye komai, jerin bidiyo 50 sai ya buga wa rumbun bayanai tambaya 51.

Kuma ko wanne ka ɗauka, kar ka bari bidiyon ya bi ta cikin API. Shi API adireshi kawai zai miƙa, bidiyon ka mayar da shi HLS, tsarin tura bidiyo ta intanet wanda Apple suka fitar a 2009, a yanka shi gunduwa-gunduwa kamar daƙiƙa 6, a yi 360p da 720p, in sabis ya yi rauni wayar da kanta za ta sauka zuwa ƙaramin ba tare da bidiyon ya tsaya ba. iPhone na kunna shi kai tsaye, Android kuma da ExoPlayer, makunnin bidiyo da ake sawa a cikin manhaja.

Ba ka tambaya ba amma zan faɗa maka: ka yi hattara da masu tallan "cikakkiyar manhaja an gama komai, sunanka kawai za ka sa". Da yawansu makullin sirri a cikin APK (fayil ɗin manhajar Android) suke cusa shi, duk wanda ya iya kwance fayil ɗin ya samu, wani ma zai bar wa kansa asusun admin a ɓoye. Haka masu cewa sabar tasu data ba iyaka, karanta sharuɗɗan da kyau, galibi akwai iyakar a rubuce can ƙasa. Kar ka biya sai ka ga kod ɗin da idonka.

Sannan tun ranar farko ka sa /v1/ (alamar siga ta farko) a adireshinka, domin mutane ba sa sabunta manhaja da wuri, tsohuwar za ta daɗe tana kiran sabar ɗinka.