Rawar mota: daga inji ne ko daga ƙafa da shaf?

Ɗan uwa da ka ce Golf 3 ɗinka na rawa, wani bakanike ya ce injin sit ne (robar da inji ke zaune a kai) wani kuma ya ce shaf (sandar da ke kai juyi daga giya zuwa taya), don Allah kar ka sayi komai tukuna, ka fara gane rawar nan me take bi, totur ko gudun mota.

Rawar inji, ko da mota na tsaye, tana nan. Ka sa ta firi, ka bar ta a silo, ka riƙa taka totur a hankali. In ka ji inji na tsallake bugu, salansa na fut-fut, mota ba ƙarfi ga shan mai, to silinda ɗaya ce ba ta ƙonawa, a duba filogi da wayoyinsa da kwayil da nozul. In kuwa sautin injin lafiya lau amma jiki da sitiyari na karkarwa, sai ka zargi injin sit, roba ce, shekaru da zafi da yoyon baƙin mai na cinye ta. Ka ja hambirki, ka sa giya ka ɗan saki kulochi, wani ya tsaya a GEFE ba gaban mota ba, zai ga injin na ɗagowa.

Ta ƙafa kuwa sai mota ta motsa. A titin da ba cunkoso, ka kai gudun da take rawar ka taka kulochi, kar ka kashe inji fa. In rawar ta ci gaba to ba ruwan inji, musamman in sitiyari ne ke kaɗawa wajen gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa, galibi taya ce, ko balansin ko ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe. Shaf na ciki, wato gaɓarsa ta wajen giya, shi halinsa daban, yana rawa in ka ba da wuta ko kana hawa tudu, kana ɗaga ƙafa daga totur ya lafa, wannan ne ma ya sa ake rikita shi da inji. Na waje, na wajen taya, ƙas-ƙas yake yi in ka karya kwana. In sai ka taka birki take yi, diski ne.

Masu Hilux da Hiace ku naku har da farfela (doguwar sandar da ke kai juyi tayoyin baya) da kuros ɗinta (gaɓarta), a ƙarƙashin kujera ake jin ta, Golf ɗinka mai jan gaba ce ba ta da wannan.

Ni dai taya da filogi nake fara dubawa, su ne masu araha. Ka gwada ka faɗa mana a wane gudu take yi, kuma ka leƙa ko robar shaf ta yage giris na fita.