Hoton ciki na mako 20: abin da ya nuna mini da abin da ya ɓuya

A cikina biyu na farko awo kawai nake zuwa, a saurari bugun zuciyar yaro in dawo gida. A na uku ne ungozoma ta nace sai na yi babban sikanin da ake yi tsakanin mako na 18 da na 22. Ni a zatona namiji ko mace kawai za a faɗa mini.

Ashe abin ya wuce nan. Fiye da rabin awa ina kwance, mai hoton tana bin yaron gaɓa-gaɓa: ƙwaƙwalwa, ƙashin baya, ɗakuna huɗu na zuciya, ƙoda, yawan ruwan da yake kwance a ciki, da inda mabiyiya ta zauna. Babu zafi, sai sanyin man da ake shafawa. Da sauti na'urar take aiki, ba irin hasken hoton ƙashi ba.

Da ta iso fuska sai ta yi shiru. Ta daɗe tana juya na'urar, ba ta ce mini uffan ba, ta fita kiran likita. Wannan shirun ne babban ƙorafina har yau. Babu abin da ban saƙa a raina ba a mintunan nan, alhali kalma ɗaya ta ishe ni.

Likita ne ya zauna ya nuna mini: leɓen sama a tsage yake ta hagu. Ya ce leɓe yana haɗuwa ne tun makonnin farko, sau da yawa kafin mace ta san tana da ciki, kuma ana ɗinke shi tsakanin wata 3 zuwa 6 da haihuwa. Na yi kuka, amma na samu kusan wata biyar ina shiri. Mun ga likitan tiyata, na koyi yadda ake shayar da irin waɗannan jarirai, mun yi wa yayyensa bayani.

Sai dai hoton ba ya ganin komai, an kuma gaya mini haka tun ranar. Bayan haihuwa aka gano tsagar ta kai har ganɗa, wato rufin baki, wurin da yake da wuyar gani a sikanin. Zuƙar nono ta yi masa wuya, amma da yake kwalbar shayarwa ta musamman tana cikin jakar haihuwata, a daren farko ya sha ya ƙoshi. Duk mai cikin da ta tambaye ni, cewa nake ta je, kuma ta roƙi mai hoton ta riƙa yi mata magana.