Manhajar tsara hanyar keke: a biya, ko ta kyauta ta wadatar?

Manhajojin da ke zana wa mai keke hanya kusan duk salonsu ɗaya. Za su bar ka ka shiga kyauta, ka saba da su, sai ranar da ka danna abin da ka fi buƙata su ce sai ka biya, na wata ko na shekara. Uku ne suka fi suna: Strava, Komoot da Ride with GPS. Kafin ka miƙa wa ɗayansu lambar katinka, ka san cewa ba taswira suke sayar maka ba.

Taswirar ta kowa ce. Mafi yawan bayanan hanyoyin da waɗannan manhajoji ke aiki da su daga OpenStreetMap suke fitowa, taswirar da aka fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa suna gyarawa. Daga nan ne na kyauta irin su cycle.travel, BRouter da Organic Maps su ma suke ɗauka. Rijiya ɗaya ce, guga ne ya bambanta. Idan babu wanda ya taɓa rubuta cewa hanya kaza burji ce, ko yashi ya cinye ta, ko gadarta ta karye, to manhajar kuɗi ba ta sani ba, kamar yadda ta kyauta ba ta sani ba. Wannan shi ne abin da talla ba ta faɗa.

Abin da aka fi jawo mutane da shi shi ne sauke taswira a waya domin wuraren da babu sabis. Buƙata ce ta gaske, amma ita kaɗai ba ta isa a biya ba. GPS na wayarka daga tauraron ɗan'adam yake karɓar saƙo, ba ya cin data. Taswirar ce kawai ke neman intanet. Organic Maps na ba ka damar sauke ƙasa sukutum ba ko sisi, OsmAnd ma yana ba da wasu yankuna kyauta kafin ya nemi kuɗi.

Muryar jagora ta fi wannan daraja. Wanda ya taɓa ɗaura waya a hannun keke da tsakar rana ya san wahalar: hasken rana ya dusashe fuskar wayar, ka ƙure haske, wayar ta ɗau zafi, caji ya riƙa zuba. Da murya kuwa, sai ka kashe fuskar ka jefa wayar a aljihu, tana gaya maka "saura mita 200 ka karya hagu", idonka na kan titi. A nan Ride with GPS ya yi fice. Kamfanin na jihar Oregon ta Amurka ne, tun 2007 yake, kuma ya gina aikinsa ne a kan jerin kwanonin hanya ɗaya bayan ɗaya. Zana hanya a kwamfuta da fitar da fayil ɗinta kyauta ne. Murya da taswirar da ba ta buƙatar sabis su ne na kuɗi. Mai biya yana iya saka nasa bayanin a wurin da ya ga dama, misali "akwai ruwan sha nan gaba" ko "gangaren nan da tsakuwa, a riƙe birki". Ga wanda ke jagorantar ayarin masu keke, wannan kaɗai ya biya kuɗinsa, don ba ƙaramin aiki ba ne tattaro mutum goma da suka watse a mararraba.

Strava dabam take. An kafa ta a San Francisco a 2009 domin masu son auna gudu da gasa da juna, kuma a watan Mayun 2020 ta mayar da zana hanya cikin abubuwan da sai an biya. Abin da take da shi wanda ba a samu a OpenStreetMap shi ne sawun jama'a: duk inda masu amfani da ita suka bi, layi yana ƙara haske a taswirarta. Ƙarfin wannan bayani ya kai a watan Janairun 2018 aka gano cewa taswirar ta fallasa fasalin sansanonin soja a Afghanistan da Siriya, saboda sojojin da ke motsa jiki da na'urorinsu a kunne. To in ta iya wannan, nuna maka ɓarauniyar hanyar da 'yan unguwa ke bi don kauce wa manyan motoci ba zai gagare ta ba. Sai dai da sharaɗi biyu. Inda masu Strava ba su da yawa, taswirar duhu ce, ka biya kuɗin abin da babu. Sannan da yawa daga cikin masu kekenta masu keken tsere mai siririyar taya ne da ke neman gudu, babban titi ba ya ba su tsoro. Hanyar da ta fi haske ba lallai ita ce wadda za ka so ka bi da yaro a bayanka ba.

Komoot ta Jamus, wadda ta fara a 2010, ita ta fi sauƙin hannu. Tana tambayarka irin kekenka da ƙarfin jikinka, ta zana hanya, ta nuna maka kilomita nawa ne kwalta, nawa ne burji, nawa ne turba. A matakin biya tana raba doguwar tafiya kwana-kwana, ta nuna yanayin sama a tsawon hanyar. Shekara da shekaru ana yabon ta saboda mutum yana sayen taswirar yanki sau ɗaya ta zama tasa. A 2025 aka fara tura sabbin shiga zuwa biyan kuɗi a kai a kai, kuma a watan Maris na shekarar kamfanin Bending Spoons na Italiya ya saye ta. Ba ina cewa a guje ta ba ne. Amma sharuɗɗan yau ba alkawarin gobe ba ne, a kowace manhaja. Duk hanyar da ka sha wahalar zanawa, fitar da ita a fayil ɗin GPX, wato fayil mai ɗauke da zanen hanya, ka adana a wurinka. Kusan kowace manhaja da na'ura tana karanta shi.

Mai na'urar GPS ta kamfanin Garmin a kan kekensa ya fara duba abin da ke hannunsa: manhajar Garmin Connect na zana hanya kyauta, har da la'akari da inda mutane suka fi bi. Ko a BRouter ka zana, kebul ya isa: ka haɗa na'urar da kwamfuta, ka jefa fayil ɗin a foldar NewFiles. Abin da biya ke rage maka a nan minti biyar ne na wannan hidima. Google Maps kuwa ya yi daidai da zirga-zirgar cikin gari inda yake da hanyar keke, amma ba kowace ƙasa yake da ita ba, kuma ba ya fitar da GPX.

Kada lissafin hawa da gangara ya ruɗe ka. Kiyasi ne daga bayanan tsayin ƙasa, shi ya sa manhajoji biyu kan ba da adadi biyu a hanya ɗaya. Wani lokaci gada ce ka tsallaka a miƙe, amma a lissafa maka kamar ka gangara kwarin ka hau.

Gwajin da na fi yarda da shi ba ya cin komai. Zaɓi wurare biyu da ka san tsakaninsu ciki da bai, ka ba kowace manhaja ta zana. In ta tura ka titin da kai da kanka kake gudu, ko ta bi da kai ta cikin gonar mutane, haka za ta yi maka a inda ba ka sani ba, sai dai can ba za ka gane ba sai ka shiga.

Wanda kekensa na zuwa aiki da dawowa ne, ko mai zagaye hanyoyin da ya haddace duk ƙarshen mako, ba shi da abin saye a nan. Mai doguwar tafiya sau ɗaya ko biyu a shekara ya biya na wata guda, Strava da Ride with GPS duk suna da shi, in ya dawo ya soke. Na shekara na mai neman sabuwar hanya kusan kowane mako ne, da mai jagorantar ayari. Su ma su lura: kuɗin yana sabunta kansa, har wanda aka fara da gwajin kyauta, kuma goge manhajar daga waya ba ya tsayar da shi. In ta Google Play ko App Store aka biya, can za a je a soke.