Metronom ko kiɗan ganga: wanne ya fi wajen koyon dangwalen jita?

Dangwale shi ne buga tsirkiya da kan yatsa a wuyan jita maimakon kaɗa ta, salon da makaɗin jita Eddie Van Halen ya yi fice da shi tun 1978. Wahalarsa tana fitowa ne idan ana son sauti ya kauce wa bugu, ya faɗa tsakanin bugu biyu. Yatsan dama yakan yi gaggawa, ya riga lokacinsa.

Metronom, wato na'urar da ke fitar da bugu a kan tazara ɗaya don riƙe lokacin kiɗa, ba ya rufa wa kowa asiri. Ka sa shi a bugu 60 a minti, kana ƙirga "ɗaya da, biyu da", kana dangwalawa a kan "da" kaɗai. Ko ka yi sauri ko ka makara, kunnenka zai ji, domin babu sautin da zai ɓoye kuskuren. Idan hannu ya faɗa, ka rage bugun zuwa rabi, ka ɗauke shi a matsayin na biyu da na huɗu a cikin kowane bugu huɗu, sauran ka riƙe su a ranka. Akwai gundura, gaskiya, amma a nan yatsa yake koyon haƙuri.

Kiɗan ganga da aka naɗa kuwa ya fi daɗi, jiki yana motsawa, kana jin inda sautinka zai zauna. Sai dai goya ka yake yi: ganguna suna cike gurbin, sai ka zaci ka iya.

Ni dai nakan ba metronom minti 15 kullum, sannan in kunna ganga, in naɗi kaina a waya, in saurara.