Yadda ake tsufantar da sabon sukuru a nan Ingila

Yaya, ka tambaye ni ko kayan aikin kafinta na nan sun fi namu. Ka ji yadda ta kaya da ni a wurin gyaran tsofaffin kayan ɗaki da nake aiki.

An kawo mana wani kabad da ya haura shekara ɗari, fatar ƙofarsa, wato ƙarfen da ke riƙe da ƙofar, ta yi baƙi ƙirin, sukuru biyu sun ɓace. Na shiga babban shagon kayan gini cike da tsammani. Kaya kam ga su nan jibge, kowane girma da kwalinsa, amma kusan duk masu kan gicciye ne, suna ta ƙyalli. Irin wannan kai, na Phillips, sai a shekarun 1930 ya bazu, don haka da ka ɗaura shi a tsohon kabad mai ido zai gane. Mai tsaga ɗaya sai ta intanet na samo, shi ma fari tas, an shafe shi da tutiya.

Maigidana ya ce in jiƙa su a ruwan khal su kwana. Ina tsaye na ga ƙananan kumfa na tasowa daga jikinsu, tutiyar ce ke narkewa. Da safe sun koma launin toka. Na wanke, na kama kowanne da filaya na gasa kansa har ya yi shuɗi, na tsoma a mai, sau uku, sannan na murza kakin zuma. Don Allah kada ka gasa shi da tutiyar a jiki, hayaƙinta na sa zazzaɓi. Idan tsatsa ake so, sai ruwan haidirojin na wanke ciwo da ɗan gishiri. Na tagulla kuwa tururin amoniya ke dusashe shi a rufaffiyar kwalba.

Da na ɗaura, mai kabad ɗin ta sunkuya da tabaronta tana neman sababbin, ba ta gane su ba. Wallahi na ji daɗi har raina.

Wajen yawan kaya da daidaiton awo sun fi mu, ba musu. Amma hannu, Yaya, ban ga wanda ya kai naka ba. Abin da nake roƙonka shi ne, duk tsohon sukurun da ka kwance, ka daina jefarwa. Ka samu gwangwani ka riƙa tarawa, a nan har sayar da su ake yi.