Fom uku a shafi ɗaya: yadda na samu Django bayan na yi aiki da shi

Jama'a wannan sharhi ne kan Django, amma ta gefe ɗaya kawai zan taɓa shi, wato yadda yake tafiyar da fom (guraben da mutum yake cikewa ya tura) fiye da ɗaya a shafi guda, don a nan ne na fi shan wahala kuma a nan ne na fi jin daɗinsa daga baya. Ga wanda bai sani ba Django kayan gina shafin intanet ne da yaren Python, tun 2005 aka sake shi, kuma kyauta ne.

Aikin da aka ba ni shafin saitin asusu ne, fom uku a jere, na canza imel, na canza lambar sirri, sai na tura ƙorafi. Ina gama haɗawa na gwada, na cika na ƙorafi na danna tura, sai ga sauran biyun sun yi jajir da gargaɗi wai ban cika su ba, alhali ko taɓa su ban yi ba. Wallahi abin ya dame ni sosai don na san mai amfani da shafin in ya ga haka zai ɗauka saƙonsa bai tafi ba ne ya sake turawa sau uku sau huɗu.

Da na zauna na bi a hankali sai na gane matsalar daga kod ɗina take. Burauza fom ɗin da ka danna maballinsa shi kaɗai take aikawa, ni kuma na ɗauki request.POST, wato bayanan da burauza ta aiko, na ɗura wa dukka ukun, to dole biyun su ga babu komai su yi kuka. Maganin shi ne kowane maballi ka ba shi name, wato suna, nasa daban, burauza tana haɗa sunan maballin da aka danna cikin abin da take turawa, sai ka duba a saba, wato kwamfutar da take karɓar saƙon, wanne ne ya zo, ka ɗaure bayanan a kan wannan fom ɗin kaɗai, sauran ka bar su fanko yadda suke. Shike nan gargaɗin ya ɓace.

Abin da ya fi burge ni kam shi ne prefix, wato kalmar da Django yake liƙawa a farkon sunan kowane gurbi na fom. Fom biyu cikin ukun duk suna da gurbin imel, Django kuma da kansa yake raɗa wa gurbi id, wato sunan da ake gane shi da shi a shafi, sai duk biyun suka fito da id_email, a HTML kuwa, yaren da ake rubuta shafin intanet da shi, bai halatta id ɗaya ya maimaitu a shafi ba, shi ya sa in ka danna rubutun imel na fom ɗin ƙasa sai alamar rubutu ta yi tsalle ta koma na sama. Ƙaramin abu ne a ido amma ka tuna makaho mai amfani da manhajar karanta allo, da waɗannan sunayen take gane wane gurbi ne wanne, ka ga an rikita shi kenan. Ina saka prefix="korafi" sai sunan ya koma korafi-email, ɗayan ma na ba shi nasa, kalma ɗaya tak rigimar ta mutu. Sai dai fa ka kula, duk inda ka ƙirƙiri fom ɗin, lokacin nunawa da lokacin karɓa, prefix ɗin ya zama iri ɗaya, in ka manta a gefe guda zai ce maka ba a cika komai ba.

Kar a manta csrf_token, wato alamar tsaro da ke hana wani shafi tura fom na bogi da sunan mutum, kowane fom sai da nasa a ciki, in babu kuskuren 403 za ka gani, wato an ƙi karɓa. Kuma kar ka saka fom cikin fom, HTML ba ta yarda ba.

Inda na so a ce ya fi haka sauƙi shi ne FormView, wato shiryayyen kod ɗin Django na nuna fom da karɓarsa, don fom ɗaya aka tsara shi, in kana da uku ko dai ka rubuta naka view ɗin (kod ɗin da yake karɓar buƙata ya mayar da shafi) da hannu ko ka ba kowane fom action nasa, wato adireshin da za a tura shi. Na gwada hanya ta biyun, tana da tsafta, amma in an yi kuskure wajen cikawa sai ka sha aiki kafin ka dawo da mutum shafin farko da gargaɗinsa da abin da ya riga ya rubuta, don haka na koma view guda. Formset kuma wani abu ne daban, na maimaita fom iri ɗaya ne sau da yawa, bai dace da nawa aikin ba.

Yanzu wata biyu kenan shafin yana aiki, in fom ya wuce lafiya ina yin redirect, wato in sa burauza ta buɗe shafi sabo, don kar sabunta shafi ya sake tura fom ɗin, har na ƙara na huɗu na goge asusu, bai ɗauke ni rabin awa ba. Duk mai irin wannan aikin ni dai ina ba shi shawarar Django, amma ya fara karanta bayanin prefix kafin ya rubuta layin farko.