Mercedes-Benz C300 a Kano: Daɗin Tuƙi da Tsadar Riƙo

C300 ƙirar W204, wadda aka riƙa ƙerawa daga 2007 zuwa 2014, tana cikin motocin Jamus da suka fi yawa a hannun dillalan Kano. A kan hanyar Zariya ba ta da makusa: tana zama daram a titi, birkinta na kamawa, ba ta rawa ko an taka ta. Sai dai sayenta ya fi riƙonta sauƙi, kuma yawancin waɗanda suka ci wuya a hannunta sun riƙe ta ne kamar yadda ake riƙe Corolla.

A fara da juye. Injin M272 mai silinda shida, wanda ke cikin yawancinsu, yana shan bakin mai kusan lita 8, ninkin abin da Corolla ke sha, kuma sai mai lambar amincewar kamfanin Benz, wato MB 229.5, kamar mai kaurin 5W-40. Mai kaurin 20W-50 da ake ɗura wa tsofaffin motoci ba nata ba ne. Da zafinmu da ƙurar hunturu, gara a yi juye duk kilomita 7,000 zuwa 8,000, a duba matatar iska kowane juye.

Babban abin da ke kashe ta a garin nan shi ne zafi da gyaran ganganci. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka ga bakanike ya cire tamostat, wato na'urar da ke daidaita zafin inji, ya haɗa fanka kai tsaye, ya cika lagireto da ruwan famfo. Kada ka yarda ko kusa. Kwamfutar motar da zafin inji take auna man da za ta saki. In inji bai kai zafinsa ba sai ta ƙara shan fetur, ruwan famfo kuma ya bar tsatsa da gishiri a hanyoyin ruwa. A sa ruwan sanyaya inji na asali, rabi da rabi da tataccen ruwa.

Giyarta mai hawa bakwai tana da wani faranti na lantarki a ciki. Idan na'urar auna gudu da ke jikinsa ta mutu, mota sai ta maƙale a giya ɗaya. Da yawa a nan suke yanke hukuncin sayen giyabos sukutum, alhali farantin ne kawai. Canza man giya da matatarsa wajen kilomita 60,000 yana rage wahala, amma a lura: man giyar akwai ja, akwai shuɗi na ƙirar baya-baya, ba a gauraya su.

Makullin sitiyari na lantarki ma yana mutuwa ba sallama. Ka murɗa makulli, shiru. Kujerun inji masu ruwa a ciki sukan zauna, mota ta kama karkarwa a tsaye. Motocin farkon 2008 kuwa a bincika matsalar haƙorin sandar daidaita inji, wadda ke rage masa karkarwa, don gyaransa sai an sauke inji.

Kayan gyara akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa, sababbi da na hannu, amma jabu ya yi yawa, musamman na'urorin lantarki. Kafin ka biya kuɗin mota, a sa mata kwamfutar da ke karanta Benz, a kuma ɗaga ta a leƙa ƙarfen da ke riƙe ƙafafun baya, domin waɗanda suka fito daga yankunan ƙanƙara na Amurka da Kanada gishirin titi kan cinye shi. Wanda ba shi da ƙwararren bakanike da kuɗin ajiya na gyara, ban ba shi shawarar sayenta ba.